Amsar tana aljihuna tun kafin in yi tambayar

Shafi 12 na rubuta na kai wa malamar da ke duba aikina na digiri na biyu a fannin nazarin zamantakewa. Kanun kawai ta karanta ta ajiye takardun a kan tebur. Abin da na sa shi ne: "Yadda haramta okada ya jefa Hausawan Legas cikin talauci". Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce to ai ka gama, je ka ɗinke shi ka kawo in sa hannu. Na yi murmushi, ina zaton yabo ne. Sai ta ƙara da cewa, tunda ka riga ka san an jefa su cikin talauci, ka san abin da ya jefa su, ka kuma san Hausawa ne, me ya rage da za ka je kana wahalar da mutane da tambayoyi?

Na fito raina a ɓace. Tun daga bakin makaranta har danfo, motar hayar Legas, ya sauke ni a Agege ina mita a zuci. A ciki fa aka haife ni. Goro ne ya kawo kakana garin nan, a Zango aka yanke cibiyar mahaifina, a nan aka yanke tawa. Yayana ya yi shekaru yana ɗaukar fasinja tsakanin Agege da Ikeja. Ranar 1 ga Yuni, 2022, dokar da gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sanar ta fara aiki, aka hana okada a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. A watan Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Ba a yi wata biyu ba masu kame suka raba Yaya da babur ɗinsa, Boxer sabo fil, ko rabin kuɗinsa bai biya ba. Ni na ga yadda ya dawo gida a ƙafa da hular kwano a hannu. To wa zai koya mini abin da ya faru? Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Da daddare na kai wa Baba ƙara, ina jiran ya taya ni. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, malaman hadisi in ruwaya ta zo musu ta dace da abin da suke so, a nan suke ƙara tsananta bincike a kan mai ruwayar. Kai taka ruwayar ta yi maka daɗi, shi ya sa ba ka son a taɓa ta." Ya ci gaba da jan carbinsa. Daga baya, cikin karatun da aka ɗora mana, na tarar masanin tarihi Ibn Khaldun ya faɗi kusan haka a littafinsa Muƙaddima tun 1377. Da ya tashi lissafa abubuwan da ke sa ƙarya ta kutsa cikin labari, wanda ya fara kawowa shi ne karkata ga wani ra'ayi ko mazhaba: mutum in zuciyarsa ta riga ta ɗauki ɓangare, duk labarin da ya dace da ita sai ya haɗiye shi ba tare da taunawa ba. Har ya yi misali da masu tarihin da suka ce rundunar Bani Isra'ila ta kai mutum 600,000, ya ce a auna da girman ƙasar da yawan zuriyar da ke tsakanin Annabi Yakubu da Annabi Musa, a ga ko zai yiwu.

Mako na zagayowa na koma da kanun da ya zama tambaya: me ya sami abin da masu okada 'yan Arewa ke samu bayan dokar 2022, kuma ko abin da ya same su ya bambanta da na sauran masu okada? Malama ta ce yanzu muka fara. Ta miƙo mini farar takarda, ta ce in rubuta hasashena, a ƙarƙashin kowanne kuma in rubuta abin da in na gan shi zan yarda na yi kuskure. Ta ce ra'ayin masanin falsafa Karl Popper ke nan a taƙaice: maganar da babu wani abu a duniya da zai iya ƙaryata ta, ba ta shiga sahun kimiyya ba. Na rubuta biyu. Na farko, dokar ta rage musu samu. Na biyu, ta fi cutar da 'yan Arewa. Ƙarƙashin na biyu na rubuta, hannuna na nauyi, cewa in na tarar Bayarabe da Ibo masu okada sun yi asara daidai da ta namu, to hasashen ya faɗi. Ta sa hannu, ta sa kwanan wata, ta jefa a durowa ta kulle. Dalilinta shi ne, in aka bar mai bincike sai bayan ya ga sakamako, zai gyara hasashen ya dace da shi, kuma wallahi shi kansa ba zai san ya yi ba.

Matsala ta farko ta zo daga inda ban zata ba. Waye Bahaushe? A Legas duk wanda ya sauko daga tirela da ɗan buhunsa "aboki" ne. Amma ka tsaya a tashar okada a Mile 12 ko Idi-Araba ka saurara. Ga Babarbare daga Borno, ga Margi, ga Bazabarme daga Nijar, ga ɗan Chadi, ga Bafulatani, duk Hausa suke yi da juna, kowa kuma da harshen da yake kiran gida da shi. Sunan sana'ar ma bai zama ɗaya a bakinsu ba: na Kano ya ce acaɓa, na Sakkwato ya ce kabu-kabu, in fasinja ya zo kowa ya koma okada. Dole na daina cewa "Hausawa" a takardata. Na koma tambayar abubuwan da za a iya ƙirgawa: garin da aka haife ka, harshen gidanku, shekarar da ka zo Legas.

Sai batun wa zan tambaya. Nan na tafka kuskuren da ya cinye mini sati uku. Da ɗan gari akan ci gari, na ce, na tafi wajen shugaban wata tasha wanda ya san Baba. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka kawo mini lemo, ya ce, "Ɗana, kada ka wahalar da kanka, gobe bayan la'asar zan tara maka su." Ya kuwa tara. Mutum wajen 30 a kan benci, kowa da labarin da zai sa ka hawaye. Na cika takardu, na koma makaranta ina taƙama. Malama ta tambaye ni abu ɗaya: wa ya zaɓe su? Na ce shugaba. Ta ce a kan wane ma'auni? Na yi shiru. Shi bawan Allah ba da mugun nufi ya yi ba. Ya ji ana bincike a kan wahalar da aka sha, sai ya kira waɗanda suka fi shan wahalar, da waɗanda suka iya magana, da waɗanda ke ɗasawa da shi. Wanda ya sayi Keke Marwa, wato adaidaita sahu, yana can yana aiki, wa zai kira shi zaman benci da la'asar?

Na ce to in ƙara yawansu mana, in kai 300. A nan ta ba ni labarin mujallar Literary Digest ta Amurka. A zaɓen shugaban ƙasa na 1936 ta aika takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta sanar cewa Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Sunayen ta tsinto su ne daga kundin masu tarho da masu mota da masu sayen mujallar, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, sannan waɗanda suka damu su mayar da amsa ba irin sauran jama'a ba ne. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayi, da mutane kaɗan ƙwarai a kan nasu ya faɗi wanda zai ci. In tukunya ba a motsa ba, ko ludayi goma ka ɗiba daga sama, romo za ka sha ka rantse babu nama.

Motsa tukunyar a Legas kuwa aiki ne. Babu wani cikakken jerin sunayen masu okada da zan buɗe in yi ƙuri'a a kai. Yawan mutanen jihar ma ba a daidaita ba: ƙidayar 2006 ta ce miliyan 9 da 'yan kai, gwamnatin jihar ta ƙi yarda ta ce sun haura miliyan 17. Abin da na yi shi ne na ƙirga wurare maimakon mutane. Na yi kwanaki ina yawo ina rubuta duk inda masu okada da tsofaffin masu okada ke taruwa: tashoshi, teburan mai shayi, bakin masallatai, wajen masu gyaran babur. Na yi haka a yankunan da aka hana, irin su Mushin da Kosofe, na kuma yi a inda dokar ba ta rufe gaba ɗaya ba, irin su Alimosho da Ikorodu. Kowane wuri na rubuta shi a 'yar takarda, na naɗe, na zuba a hular Baba, ƙanwata ta rufe ido ta ɗebo. Wuraren da na fi so biyu ba su fito ba, ciki har da teburin shayin da nake da abokai. Na so in saka su a ɓoye. Ban saka ba, amma na so.

A kowane wuri kuma ba wanda ya yi mini fara'a nake tambaya ba. Mutum na uku da ya iso bayan na zauna, sai na shida, sai na tara. Ina zuwa da asuba, ina zuwa da rana, ina zuwa bayan isha'i, domin wanda ke satar fita da dare ba shi ne wanda za ka gani da hantsi ba. Wanda ya ƙi magana ina rubuta cewa ya ƙi, da kimanin shekarunsa. Sun fi yawa cikin sababbin zuwa, masu tsoron ko ni ɗan leƙen asiri ne, kuma wannan ma sai da na faɗa a rahoton.

Takardar tambayoyin ita ce ta fi tona mini asiri. Da Turanci na tsara ta, na mayar Hausa da kaina, sannan aka ba wani ɗalibi ɗan Zariya wanda bai taɓa ganin ta asalin ba ya sake mayar da ita Turanci. Da aka jera biyun sai ga halina a fili. Inda ta asali ke tambayar yadda dokar ta shafi aikin mutum, ni na rubuta "Wace irin wahala dokar nan ta jawo maka?" Na riga na ba shi amsa, saura ya cike gurbi. Wata kuma na ce "Ka yarda cewa an yi dokar ne don a kori 'yan Arewa?" Ka yi wa mutumin kirki irin wannan tambaya, kai baƙonsa, ga ka da takarda da biro, me zai ce in ba "haka ne, Malam" ba? Mu da aka tarbiyyantar a kan kada ka kunyata wanda ya zo wajenka. Na gwada da gangan: na juya tambayar na ce wa wasu "Ka yarda cewa an yi dokar ne don rage haɗari?" Suka ce haka ne, Malam. Na soke duka biyun, na koma "A ganinka me ya sa aka yi dokar?" in yi shiru in jira.

Tambayar kuɗi kuwa, sai wanda ya gwada. "Nawa kake samu a rana?" Amsa: "Alhamdu lillahi." Ka matsa, ya ce, "Ana dai rufa asiri." Wani dattijo a Ketu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, ko matata ba ta san wannan ba." Masu ba da adadi kuma kashi biyu ne. Wanda ya zaci tallafi za a raba sai ya rage, har ka rasa yadda yake cin abinci. Wanda abokansa ke sauraro sai ya ƙara. Don haka na daina tambaya a cikin majalisa. Sai in sayi shayi biyu, in ja mutum gefe, in fara da gaya masa gaskiya: ba gwamnati ta aiko ni ba, babu ko sisi da zai fito daga wannan, ba zan rubuta sunanka ba, kuma in ka gaji ka tashi abinka. Sannan ba na tambayar "a rana". Jiya nake tambaya. Jiya mai na nawa ka sha? Balas nawa ka kai wa mai babur? Tikiti nawa ka yanka? Me ka ci, nawa ka tura gida a makon nan, ta hannun wa? Mutum ba ya jin nauyin faɗin kuɗin mai, kuma daga ƙananan nan lissafin ke haɗa kansa. Abin da ya wuce shekara kuwa na riƙe shi da hannu biyu, domin a bakin kowa "da" ta fi yau daɗi.

Ana cikin haka wani mai gyaran babur a Agege ya yi mini tambayar da ta fi duk nawa. Yana kwance ƙarƙashin wani babur, hannu duk baƙin mai, ya ce, "Malam, waɗanda kake nema ai ba sa nan. Wanda abin ya karya da gaske ya hau tirela tun bara." Na tsaya da biro a hannu. Wata biyu ina auna waɗanda suka iya jurewa suka zauna, ina shirin kiran su "masu okada". A aji an ba mu labarin Abraham Wald, masanin lissafin da a lokacin yaƙin duniya na biyu aka nuna wa inda harsashi ya fi huda jiragen da suka dawo, ya ce a ƙarfafa inda ba a ga huda ba, domin jiragen da aka harba a nan su ne ba su dawo ba. Na ci wannan a jarrabawa da maki mai kyau, amma sai da bakanike ya faɗa mini na gane shi. Daga ranar, duk wanda na tambaya sai in roƙe shi ya haɗa ni da wanda suka yi aiki tare ya koma gida, in ya amince. Na yi ta kiran waya zuwa Jigawa, Yobe, Katsina, har Maraɗi. Wannan ba ƙuri'a ba ce, aboki ne ke nuna aboki, saboda haka na ware su a babi dabam ban gauraya alƙalumansu da na sauran ba.

Wani abin da ya kusa shige mini shi ne man fetur. Ina yawon tambayoyin ne a ƙarshen 2023. Ranar 29 ga Mayu na shekarar shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin kwanaki. Kafin nan an sha ƙarancin takardun naira a farkon shekarar. To in mutum ya ce samunsa ya ragu, doka ce, ko mai ne, ko rashin tsabar kuɗi a hannun fasinja? A nan amfanin Ikorodu da Alimosho ya fito. Su ma sun sha tsadar mai, amma ba a rufe musu unguwanni kamar Mushin ba. Abin da ya rage tsakanin ɓangarorin biyu bayan an cire abin da ya same su tare, shi ne kawai zan iya jingina wa dokar, shi ma da taka-tsantsan, tunda wasu da aka kora daga can, nan suka kwararo suka ƙara cunkoso.

Masu okada Yarabawa da Ibo ba ni na tambaye su ba. Wata abokiyar karatuna da wani ɗalibi suka yi, da takarda iri ɗaya, saboda an san amsa na canzawa gwargwadon wanda ke tambaya. Amsoshin baki kuma, waɗanda na naɗa a waya, ni da abokiyar karatun nan muka rarraba su gida-gida, kowa shi kaɗai, ita ba ta san hasashena ba. Da muka haɗa sai muka tarar duk inda mutum ya ce "ba sa son mu a garin nan", ni na jefa shi gidan ƙabilanci. Ita ta koma ta saurari abin da ya biyo baya, sai ga shi wasunsu masu motoci suke nufi, wasu 'yan tikiti, wasu masu unguwannin da ke da ƙofa da maigadi. Wasu kuwa ƙabilancin suke nufi ƙarara, muka bar su a nan.

Akwai hira ɗaya da na yi kwana biyu ina kallo. Wani matashi ɗan Haɗeja ya ce dokar alheri ce gare shi: ya bar babur, ya shiga sayar da albasa a Mile 12, yanzu yana kwana da ƙafafunsa biyu lafiya, ya kuma lissafa mini abokansa da suka kwanta a asibitin ƙashi na Igbobi. Zuciyata ta ce ai wannan daban yake, cire shi. Na tambayi kaina, da ya ce dokar ta kashe shi, zan ce daban yake? Na bar shi.

Ranar da aka buɗe durowa, hasashe na farko ya tsaya: a cikin waɗanda na tambaya, na yankunan da aka hana sun fi yin ƙasa. Na biyu bai tsaya yadda na rubuta shi ba. Abin da ya fi raba wanda ya farfaɗo da wanda ya durƙushe a cikin mutanen da na tambaya shi ne ko babur ɗin nasa ne ko na biya-sannu, da kuma ko yana da wanda zai jingina da shi a gari. Bayaraben da aka kama masa babur na bashi kukansu ɗaya da Yaya. Gaskiya ne sababbin zuwa daga Arewa sun fi yawa a cikin marasa madogara, kuma na rubuta haka. Amma niyyar waɗanda suka yi dokar, takardar tambayoyi ba ta auna ta, kuma mutanen da na samu ba su isa in yi magana da sunan Legas gaba ɗaya ba. Wannan ma na rubuta, a babin da na fi ƙin rubutawa.

Yaya ba ya cikin waɗanda na tambaya, ƙuri'a ba ta faɗa kansa ba, kuma ko ta faɗa ba ni zan zauna da shi ba. Yanzu yana taya wani Alhaji lodin shanu a mayankar Oko-Oba. Da na kawo kundin gida an ɗinke shi da baƙin bango, ya juya shi a hannu, ya ce in gaya masa abin da ke ciki a taƙaice. Na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato shekara biyu ka yi don ka gano bashi ne ya kashe ni? Da ka tambaye ni ai da na faɗa maka." Na ce, Yaya, ai lokacin ba haka ka ce ba, cewa ka yi don mu 'yan Arewa ne. Ya ce, "Wannan ma haka ne." Ya miƙo mini kundin, ya ce in ajiye shi sama kada yara su zuba masa koko.